Ba Girkin Inna Ba Ne

Babana baduku ne. A Madunka aka haife shi, a nan ya gaji sana'ar daga kakanmu, kuma tun ina ƙarama ƙamshin jar fata da bagaruwa shi ne ƙamshin gidanmu. Tum-tum yake ɗinkawa da jakunkuna da kube, 'yan kasuwa su zo su sara su kai Kano da Abuja. Ba ya gajiya da gaya mana cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, ta jar akuyarmu ce ta Sakkwato, fatake suka ƙetara Sahara da ita, aka sauya mata suna a hanya. Mutum ne mai ƙarfin hannu. In ya riƙe maka kunne sau ɗaya, ba ka sake laifin.

Da hannun nan ciwon ya fara. Wani hunturu basilla ta riƙa suɓuce masa yana cikin ɗinki. Ya ce sanyi ne. Sanyi ya wuce, zafin Sakkwato ya shigo da ƙarfinsa, basilla ba ta daina faɗuwa ba. Ni na fara lura da ramin da ya fito tsakanin babban yatsansa da manuniya, wurin da a da nama ya cika tam. Sannan naman damtsensa ya riƙa motsi shi kaɗai, kamar akwai tsutsa a ƙarƙashin fata. Ba zafi, ba mutuwar jiki. In ka tsikare shi da tsinke yana ji sarai. Ƙarfin ne kawai yake tsiyayewa.

Wata takwas muka yi muna yawo. Mai kemis ya ce sanyin ƙashi ne. A wani ƙaramin asibiti aka ce taifot, aka yi masa allurai har cinyarsa ta yi tsami. Dangi suka ce jifa ne, wai akwai abokin sana'ar da ke baƙin cikin cinikinsa. Gwaggo ta kawo hayaƙi da rubutu. Rubutun kam ya sha, kuma ban taɓa hana shi ba, don na ga natsuwar da yake samu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne allurai da ƙwayoyin da aka yi ta ɗura masa ba tare da an ko ce ya miƙo hannun a duba ba.

Ranar da muka samu ganin likitan jijiyoyi, ya kwashe kusan awa ɗaya a kansa. Ya buga masa 'yar guduma a gwiwa, ƙafar ta yi tsalle fiye da ƙima. Ya ce ya fito da harshe, na ga harshen yana rawa. Aka yi hoton wuya don a tabbatar ba ƙashi ne ya danne laka ba, aka yi gwajin da ake soka siririyar allura a nama ana sauraren wutar da ke cikinsa. Bayan mako uku ya kira ni da Yaya, ya ce cutar jijiyoyin motsi ce, wadda ake taƙaitawa da ALS. Ƙwayoyin jijiya da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka su kai wa nama, su ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya siffanta ta tun wajen 1869, kuma har yau ba ta da maganin warkewa. Yawancin masu ita shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan alamun farko. Yaya ya ce ai ya ji labarin Stephen Hawking, masanin nan na Ingila da ya yi fiye da shekara 50 da ita. Likita ya ce haka ne, amma irinsa ba su da yawa. Ya rubuta magani guda, riluzol, miligiram 50 safe da dare, ya ce a riƙa gwajin hanta. Bai yaudare mu ba: a gwaje-gwajen da aka yi kafin Amurka ta amince da maganin a 1995, abin da ya ƙara wa mutane wata 2 zuwa 3 ne.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina karatun sinadaran jikin halitta. Kullum sai na ƙetare gadar Kwalkwalawa safe da yamma, kuma a gida ni ake kira likita, ko da yake ko allura ban iya ba. To, wannan suna ne ya ja mini.

Da magariba ce. Kawu ya zo dubiya, yana zaune a tabarma yana jujjuya kwalin maganin da aka sha wuya kafin a samo mana daga Legas. Ya ce, "Ke likita, mi wanga magani ka yi cikin jiki?" Na gyara zama. Na ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, gulutamet, wanda in ya yi yawa yana ƙona jijiyoyi, maganin yana rage shi ne. Ƙanena ɗan sakandare ya ce, "Anti, ba shi ne aka rubuta a ledar farin magi ba?" Na ce, "E, shi ne." Na ci gaba da surutuna. Ban ko waiga wajen murhu ba, inda Inna take tsugune tana kaɗa miya.

Washegari da asuba na tarar da ita bakin kwata tana zazzage ledar Ajinomoto, da magi mai dunƙule gaba ɗaya, tana bi da ruwa. Ba ta ce mini komai ba. Daga ranar miyar gidanmu ta koma gishiri da barkono. Wannan ba komai ba ne. Abin da ya biyo baya ne masifa. Maganar ta fita, ta zaga dangi, ta dawo da ƙafafu da hannuwa. Gwaggo ta faɗa a tsakar gida, da muryar da ta tabbatar za a ji a ɗaka, cewa shekara talatin ana ɗura wa ɗan'uwanta guba a tuwo. Inna ta daina cin abinci sai an matsa. Da dare ina jin ta a kan sallaya tana neman gafara, tana cewa ita ta kashe shi da hannunta. Matar da ta yi shekara talatin da biyu ba ta bari mijinta ya ci abin da ya kwana ba.

Na ce mata ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Ke kika hwaɗi, kuma ke ad da karatu." Ba ni da amsa, don gaskiya rabin abin na sani. Ilimin da na yi taƙama da shi layi biyu ne na littafin aji uku.

Na je wurin wani malaminmu na gaya masa komai, har da kukan. Bai yi mini faɗa ba. Ya tura mini takardun bincike a waya, ya ce in karanta in dawo. Mako biyu na yi ina karatu da fitilar waya a gefen gadon Baba, ban taɓa yi wa wata jarrabawa irin wannan karatun ba.

Ga abin da na gano. Gulutamet ba baƙo ba ne a ƙwaƙwalwa. Shi ne babban ɗan aiken da ƙwayoyin jijiya ke tura wa juna don su ce "tashi". Ƙwaya ba ta taɓa 'yar'uwarta, akwai 'yar rata tsakaninsu, ta farko ta fesa gulutamet a ratar, ta biyu ta karɓa ta kunna. Da shi ake haddace karatu, da shi ake ɗaga hannu. Amma da zarar saƙo ya isa, dole a kwashe shi nan take, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kuma a ratar nan babu abin da ke narkar da shi. Kwashewa kaɗai ake yi. Masu wannan aiki wasu ƙananan famfuna ne da ke jikin fatar ƙwayoyin, iri biyar, an sa musu suna EAAT1 zuwa EAAT5. A 1992 aka fara gano ainihin ginin uku daga cikinsu. Mafi aiki shi ne EAAT2, wanda shi kaɗai ke kwashe kusan kashi 90 cikin 100, kuma galibi ba a jikin jijiyar yake ba, yana jikin wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke kewaye da ita suna yi mata hidima. Su zuƙe gulutamet, su mayar da shi gulutamin wanda ba ya kunna kowa, su miƙa wa jijiya ta sake sarrafa shi. 

Aikin yana cin ƙarfi, don tura ruwa ne zuwa kan tudu: gulutamet ɗin da ke cikin ƙwaya ya ninka na waje sau dubbai. Kowane ɗaya da famfon zai shigar, sai ya haɗa shi da sodiyam 3 da haidurojin 1, ya fitar da fotasiyam 1. In famfunan sun ragu ko sun gaza, gulutamet ya kwanta a ratar, ƙwaya ta biyu ta yi ta kunnuwa ba hutu, kalsiyam ya yi ta kwarara cikinta har ya lalata ta daga ciki. Jijiyoyin motsi suna cikin waɗanda ba sa jure wannan. Wani likita a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Jeffrey Rothstein, shi da abokan aikinsa suka duba ƙwaƙwalwa da lakar mutanen da ALS ta kashe. A 1992 suka nuna kwashewar ta ragu ƙwarai, a 1995 suka nuna EAAT2 ne ya zube, kuma a daidai wuraren da ke kula da motsi. A 1997 masu bincike a Japan suka samar da ɓeraye marasa wannan famfo kwata-kwata, farfaɗiya ta riƙa kashe su tun suna ƙanana.

Wannan asarar famfo ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke haɗuwa su kashe jijiyar a ALS, akwai wasu. Kusan mutum 1 cikin 10 gadonta yake yi, sauran tana zo musu ne haka nan, kamar Baba. Amma abin da nake nema na samu: matsalar a kwashewa take, a can cikin laka, ba a tukunya ba.

Baba na fara gwada wa bayanin, don a lokacin harshensa ya fara nauyi amma hankalinsa garau, kuma haka ya kasance har ƙarshe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake kirana. Na yi ta kame-kame da misalin shara da masu shara. Ya saurara, ya saurara, sannan a hankali ya ce, "Uwata, wanga ai zancen majema na. Hwata sai da toka gashi ka hita. Amma in anka bar ta ciki ba a tsame ba, tokar ga ita ka cinye ta. Laihin toka na, ko na wanda bai tsame ba?" Na yi shiru. Duk takardun da na karanta babu wanda ya faɗe shi haka. Ya ƙara da cewa in je in gaya wa Inna ya gaji da miyar marasa lafiya.

Inna ta fi wuya. Na same ta tana tankaɗe, na zauna na karɓi rariyar. Na ce mata gulutamet ɗin da ke cikin farin magi, wani Bajapane mai suna Kikunae Ikeda ya fara tace shi a 1908 daga ciyawar teku da suke miya da ita, yana neman sanin abin da ke sa romo daɗi. Na ce shi ne dai ke sa daddawa daɗi, daddawar kalwa da kakanninmu suka ci tun kafin zamanin Shehu. Yana cikin tumatir, yana cikin nama da busasshen kifi. Na ce yana cikin nonon da ta shayar da mu, da yawa ma. Wanda aka ci, hanji ne ke ƙone kusan dukkansa ya yi ƙarfi da shi. Ɗan abin da ya tsira ya shiga jini kuma, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare shi. Ƙwaƙwalwa nata take ƙerawa da kanta, ko mutum bai taɓa ganin magi ba. Na ce cutar ma an siffanta ta shekara kusan 40 kafin a ƙirƙiro farin magi a duniya.

Wannan ta ƙarshen ce ta ɗan shige ta. Ta ɗago ta ce, "Kin tabbata, ko lallashi na kike?" Na ce in ta yarda mu je ta ji daga bakin likita. Muka je tare ranar gwajin hanta. Allah ya saka wa mutumin nan, ya ajiye biro, ya ce, "Hajiya, da girki ke kawo ta, da layin nan ya kai bakin titi, kuma da ke kanki kina ciki, tunda tukunya ɗaya kuke ci." Ya ce in za ta rage magi da gishiri saboda hawan jini, wannan magana ce daban kuma mai kyau, amma ciwon maigida babu hannunta. Ba ta ce komai ba har muka hau Keke. A hanya ta ce a tsaya ta sayi daddawa. Farin magin kam ba ta saya ba.

Gwaggo ba ta taɓa janye maganarta ba. Ta dai daina faɗi, kuma na koyi karɓar hakan.

Sai kuma Yaya ya zo da tasa. Ya gani a intanet cewa allurar seftiriyazon, wadda kowane kemis ke da ita, tana ƙara yawan famfon EAAT2. Ya zo da kwali guda da mai yin allura. Gaskiya ne, ba ƙarya ya karanta ba: a 2005 su Rothstein ɗin nan suka gwada magunguna fiye da 1,000, suka ga dangin fenisilin, ciki har da seftiriyazon, suna sa ƙwayoyin tauraro su ƙera ƙarin famfo, ɓeraye masu cutar suka ɗan ƙara kwana. Amma labarin bai tsaya nan ba. An gwada ta a kan mutane fiye da 500 masu ALS, aka dakatar da gwajin saboda ba ta taimaka ba, aka buga sakamakon a 2014. Wasu ma matsalar matsarmama da ta hanji suka samu. Muka yi cacar baki a zaure har maƙwabta suka leƙo. Ya ce ni ba na son Baba ya tashi. Na san ba daga zuciyarsa ta fito ba, mutum ne da ya sayar da babur ɗinsa don a sayi riluzol na wata uku. A ƙarshe Baba ya ji hayaniyar ya sa aka kira mu. Ya ce cinyarsa ta ƙoshi da allura tun zamanin taifot. Kwalin ya koma inda ya fito.

Akwai lokacin da aka kwantar da shi kwana tara saboda ciwon ƙirji, abinci ya bi masa ta hanyar iska. Gadon da ke kusa da nasa wani dattijo ne daga wajen Wurno, manomin albasa, da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi dare ɗaya. Ina kallonsu su biyu ina tuna abin da na karanta, cewa in jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙarfin da famfunan ke aiki da shi ya ƙare, sai su juya da baya su riƙa amayar da gulutamet waje maimakon zuƙewa. Abin da ya ɗauki shekara biyu yana cin Baba, shi cikin sa'o'i ya yi masa. Ban gaya wa kowa ba. Na riga na ga abin da rabin bayani ke yi a kunnen wanda ke cikin tashin hankali.

Shekara ta uku ba ni da abin faɗi mai yawa a kanta. Hannu na biyu ya tafi, ƙafafu suka bi. Ruwa zalla ya zama abokin gaba, don shi ya fi saurin sarƙe shi, sai an yi masa kauri. Inna ta ƙware a wannan fiye da kowa: kunun gyaɗa mai kauri, fura da aka dama aka tace, miyar kuka da daddawa da nama da aka daka ya yi laushi, tana ba shi da ƙaramin cokali, yana zaune tsaye da matasai a baya, haɓarsa a ɗan sunkuye yadda ma'aikaciyar jinya ta koya mata. Ɗan kwano ɗaya awa guda. Salla ta koma a zaune, ta koma a kwance, ta koma da ido. Da magana ta ƙare, na rubuta haruffan ajami a kwali, ina nunawa yana ƙifta ido, don bai yi boko ba. Yawancin abin da yake rubutawa umarni ne ga yaran shago, wane ya rage tsawon ɗinki, wane ya daina sayen fata mai tabo.

Ya rasu da asubahin wata Alhamis cikin damina, yana barci, shekara biyu da wata goma bayan ranar da basilla ta fara faɗuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Yanzu ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. In ɗaliba ta tambaye ni abu, nakan ji kaina ina jan amsa fiye da yadda take so, ina ƙara "amma", har su kan yi mini dariya. Wata ta taɓa tambayata ko gaskiya ne farin magi yana wanke tukunya, don haka yana cin hanji. Rabin darasin ranar a kan wannan ya ƙare.

Inna ta gama takaba wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita, ita ta ce za ta yi girkin da kanta, ta kore mu daga murhu. Ina daga ɗaki ina jin ta tana aiken ƙanena shago. Ta ce ya sayo gishiri da ashana. Ya kai bakin zaure ta sake kiransa. Ta yi jim, sannan ta kwance bakin zane ta ƙara masa kuɗi, ta ce, "Da hwarin magi, ƙaramar leda."